Haƙorin da Tata Levu Ya Karɓa

Na ga saƙonninku. Masu cewa na cika taurin kai, na gode, ba ku kuka fara faɗa ba. Masu cewa in yi haƙuri in bi manya, ku ji abin da ya faru a makon nan tukuna, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga wadda ta shigo yau: sunana Vasemaca, amma in ban da Bubu, kakata ta wajen uba, kowa Vase yake ce mini. Shekarata ashirin da shida, ina koyar da tarihi a wata sakandare da ke bayan garin Levuka, a ɗaya daga cikin tsibiran ƙasarmu, can tsakiyar teku. Shekara biyu ke nan ina ɗawainiya da aiki guda, haɗin gwiwa tsakanin ajina da ajin wata malama mai suna Ornella, a wata makaranta kusa da kufan Ostia a Italiya. Yaranta su nuna mana yadda Rumawan dā suka rayu, namu su nuna musu yadda kakanninmu suka rayu, a jera abu kusa da abu. Tandun burodinsu kusa da raminmu na gashin abinci. Mayafin ulun da mazansu ke yafawa kusa da zanenmu na ɓawon itace. Duk Alhamis ƙarfe shida na yamma, su kuma takwas na safe, mukan cunkushe a gaban kwamfuta ɗaya tilo mai kyamara mu gaisa.

A watan Oktoba zan kai ɗalibai shida can, mako uku. Ni na rubuta takardar neman izinin tafiyar, sau uku ana dawo mini da ita. Ni na bi iyaye gida gida. Zannuwan gadon Nana, mahaifiyata, guda huɗu yara suka yi shigar Rumawa da su, suka dawo da jar laka, ni na wanke su a rafi tana tsaye a kaina tana mita. Ina faɗa muku ne don ku san abin da aka so karɓewa daga hannuna.

Wancan makon Ornella ta aiko mini da saƙo: "Vase, gidan tarihi ya ara mana kwaikwayon zoben ƙarfen da saurayin Rum ke bai wa budurwa ranar baiko. Ku me kuke bayarwa? Ki ɗauko mana hotonsa."

Mu tabua muke bayarwa. Haƙori ne na ƙaton kifin nan da ya fi ɗaki girma, a goge shi da man kwakwa, a ɗaura masa igiya a kai da gindi. Da shi ake neman aure, da shi ake neman gafara, da shi ake raka gawa. In aka miƙa maka ka karɓa ka yi tafi, to ka amsa abin da aka zo nema, magana ta ƙare. A gidanmu guda ɗaya ne, yana cikin akwatin Bubu a kulle, ta ajiye shi don ranar jana'izarta. Ko da wasa ba mai tambayarta.

Sai na tuna da Jolame.

Jolame makanike ne a jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa babban tsibiri. Shekara guda yana zuwa wajena, kullum da baƙin mai a ƙarƙashin farce, kullum da burodi mai zafi a leda don Nana. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Amma tun farko na gaya masa kada ya kawo maganar aure sai na je Italiya na dawo.

Na rubuta masa: "Akwai tabua a gidanku da za a ara mini na minti goma? Hoto kawai."

"Malama ta yi magana, wa ya isa ya ƙi? Asabar zan kawo."

"Makaranta za ka kawo."

"Asabar makaranta a rufe take, sarauniyar ilimi."

"To kawo gida."

Kalmomi uku. Da digirina da komai, ni na rubuta su da yatsana.

Ranar Asabar ina sanye da tsohuwar rigata mai furanni shuɗaye, kaina ko tajewa ban yi ba. Nana ta dafa gwaza da kifi a madarar kwakwa, kuma kamar yadda ya saba, ƙamshin ya jawo Tata Levu, yayan marigayi mahaifina, wanda maganar gidanmu ke hannunsa. Yana zaune a saman tabarma yana suɗar ƙaya sai ga Jolame a ƙofa, da farar riga da zanen maza mai kari. Bayansa kuma mahaifinsa, Momo Peniasi, da kwat da laƙataye. Daga baya na ji dalili: ya ce tabuan gidansu ba ya fita ba tare da shi ba, kuma yana so 'yan Italiya su gan shi a hoto.

Na ce, "Ku shigo, Momo. Bari in ɗauko sandar da nake ɗora waya."

Minti uku na yi a ɗaki, don sandar ta faɗa bayan gado. A cikin minti ukun nan Momo Peniasi ya zauna ta wajen ƙofa kamar yadda baƙo ke zama, ya kwance ƙyalle, ya durƙusa, ya ɗaga tabua da hannun hagu, igiya a dama. Yana gwada tsayuwar da zai yi a hoto ne. Ku gaya mini, dattijo da kwat, ɗansa a gefe kai sunkuye, tabua a sama, a gidan budurwa. Wane mutumin ƙasar nan ne zai ga haka ya yi tunanin aikin makaranta?

Ina fitowa na ji tafin. Uku, masu zurfin sauti. Tata Levu ya riga ya rarrafa ya karɓa, ya sumbace shi, yana jawabi da rawar murya, yana kiran sunan mahaifina, yana cewa yau ƙanensa zai kwanta da daɗi a kabari. Nana ta zube tana kukan murna a jikin ƙofar kicin. Ni kuwa ina tsaye riƙe da sandar gora kamar mai shirin kaɗo gwanda.

Na dubi Momo Peniasi. Bakinsa a buɗe, amma ba zai iya ce wa dattijo ɗan'uwansa "maido, aro ne" ba, bayan an ambaci mamaci. Na dubi Jolame. Tabarma yake kallo, kamar yau ya fara ganin saƙa.

Na ce, "Tata Levu, hoto ne fa..."

Ya ce, "Ɗauki mana, 'yata, ɗauki! Rana irin wannan ai sai da hoto."

Lahadi aka sanar a coci. Kafin a tashi daga cin abincin rana dattawa sun sa rana: mako na biyu na Oktoba, lokacin da yayyen Jolame za su dawo daga tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya. Mako na biyu na Oktoba ni ina Ostia ne, ina nuna wa yara inda Rumawa suke niƙa alkama.

Litinin da safe shugaban makarantarmu ya kira ni ofis. Cocinmu ɗaya, ya ji komai.

"Barka, Malama Vase, barka. Yaron kirki ne." Ya gyara gilashi. "Juma'a zan aika sunayen matafiya. Ki miƙa wa Malam Setareki fayil ɗin."

"Malam Setareki lissafi yake koyarwa."

"Ya iya riƙe yara."

"Jiya-jiyan nan ya tambaye ni ko Rumawa su ne masu dala a hamada."

Ya danne dariya. "Amarya ba ta barin gari mata suna saƙa mata tabarmi, kin sani. Ba zan aika sunanki danginki su zo su tsaya mini a ƙofa ba."

Na rungume fayil ɗin a ƙirji. "Juma'a ka ce, ranka ya daɗe. Yau Litinin."

Daga nan bakin tashar jirgi na nufa, da takalmin makaranta da komai. Warin masana'antar kifi ya cika iska. Na tarar da Jolame a kan wata gangar mai yana goge hannu da tsumma.

"Amarya," in ji wani abokin aikinsa. Kallo ɗaya na yi masa ya tuna yana da aiki a cikin jirgi.

Na ce, "Kana da baki ranar Asabar ko ka bar shi a inji?"

"Vase, abin ya zo da sauri."

"Na ga ka taɓa tsayar da injin jirgi yana hayaƙi cikin ƙiftawar ido. Tata Levu da ciwon gwiwarsa ne ya fi ka sauri?"

Ya ninke tsumman gida huɗu. Sannan ya ce, "Ban shirya shi ba, Allah na gani. Amma da ya miƙa hannu, na ji daɗi. Shi ya sa ban yi magana ba."

Da ƙarya ya yi mini da ya fi sauƙi. Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye muku ba, amma ban bari ya gani ba.

"Ka ji daɗi, ni kuma shekara biyuna ta tafi hannun mai lissafi."

"Italiya ba za ta gudu ba. Gine-ginen nan kin ce shekara dubu biyu suna nan."

"Su suna nan. Yarana shida bana za su gama. Kuma ni ba a yi kuskure aka same ni ba, Jolame. In kana sona, ka zo da gangan."

Na juya. Saƙonni bakwai ya aiko kafin in isa gida. Ban buɗe ko ɗaya ba.

Talata na je wajen Tata Levu, na durƙusa yadda ya kamata, na yi masa bayani tun daga zoben ƙarfe har zuwa sandar gora. Ya saurara yana sosa gemu.

"To, ko ma yaya aka yi, yaron yana sonki, kina sonsa, an yi tafi. Me ya rage?"

"A mayar musu da tabuansu."

Sai ya kama kallon rufi. Matarsa ce ta leƙo daga kicin ta ce, "Wane tabua? Ai jiya ya kai shi makokin surukinsa a bayan tsibiri. Wata biyu yana neman wanda zai kai bai samu ba."

Yanzu na gane saurin rarrafen nan.

Ya ce, "Ke, kar ki kalle ni haka. Tabua ba ya zama wuri ɗaya. Kuma ko yana nan ba a mayar da shi, zagi ne. Wani ake kaiwa a warware magana, ke malamar tarihi ce, kin sani. Kina da wani?"

Ba ni da shi. Ya san ba ni da shi.

A gida Nana ta baje yadin farin leshi a kan gadona, 'yan'uwanta mata sun cika tsakar ɗaki suna kankare ganyen saƙa, suna waƙa, suna tsokanata. Wata ta ce in koyi dafa abincin makanike, wata ta ce Rumawan nan nawa ko sun san ana yi. Na wuce ta tsakaninsu da murmushi, na rufe ƙofa, na ture leshin gefe, na zauna na gama tsara jadawalin mako ukun. Ranar farko kufan gidan burodi. Rana ta biyu yaranmu su haƙa ramin gashi a filin makarantar Ornella. Na rubuta sunana a saman kowane shafi da manyan baƙaƙe. Hawaye ya ɗiga a kan rana ta tara, na goge, na ci gaba.

Laraba bayan makaranta na tafi ɗakin Bubu. Shekararta tamanin da huɗu, idonta ɗaya ya yi hazo, amma hannunta bai manta saƙa ba. Na same ta ta miƙe ƙafa, tana saƙa tabarmar aurena, da jan zaren ulu a baki.

"Vasemaca. Tafiyarki kawai na ji na san faɗa kika zo yi."

"Ba faɗa ba ne, Bubu."

"To zauna ki riƙe mini nan."

Na riƙe. Na ba ta labari duka. Ba ta ɗago ba sai da na zo kan makokin surukin Tata Levu, nan ta yi dariya har da tari.

"Tun yana yaro haka yake. Ka ajiye kifi ka juya, ka tarar da ƙaya." Ta ja zare. "Yaron ne ba kya so?"

"Ina sonsa."

"To mene ne a can ɗin? Duwatsu?"

Na ciro waya na nuna mata hoton wani dandamali da Rumawa suka shimfiɗa da ƙananan duwatsu baƙi da fari. Ta kawo shi dab da idonta mai gani, ta daɗe.

"Wannan ai zanen tabarmar uwata ne. Wa ya koya musu?"

"Shi nake so yara su je su tambaya. Su kuma su nuna musu naki."

"Wa zai kai su in ba ke ba?"

"Malam Setareki."

"Ɗan gidan mai shagon nan? Wanda bai san gaba da bayan tabarma ba?" Ta yi tsaki.

Sai na faɗi abin da na zo faɗa, don ban saba zagaye ba. "Bubu, tabua ɗaya ya rage a gidan nan."

Hannunta ya tsaya. Ban taɓa ganin ya tsaya a tsakiyar layi ba.

"Kin san na mene ne."

"Na sani."

"Kakanki ya kawo shi ne a kwalekwale, ana ruwa, ya kusa nutsewa. Ni da gangan aka zo nemana." Can ta sa hannu a wuya ta ciro ɗan makullin da ke rataye a zare. "Buɗe. Yana ƙarƙashin farar rigar coci. Sannan ki kira mini wancan ɓarawon kifin."

Tata Levu ya zo yana gunaguni. Ya ce shi ba zai je ya lashe maganarsa a gaban mutane ba, ya ce ina za a sa fuska. Bubu ta ce, "Fuskar da ka kai makoki da kayan aro? Gobe ƙarfe uku ka sa kwat. In gwiwarka ta iya rarrafen karɓa, za ta iya na bayarwa."

Alhamis na sa riga da zanina masu ruwan kore, waɗanda nake sawa ranar raba sakamako, na shafa man kwakwa a gashi, na soka farin fure a kunne. Ba na so kowa ya ce a wulaƙance na je. Kafin mu fita Bubu ta ce, "Ɗauki hoton naki tukuna, kada a sake yin wani tafin." Na ɗora waya a sandar gora. Tabuan ya yi ja kamar zuma don tsufa. Ta riƙe shi, ta kalli kyamara, ta yi wa yaran Italiya bayani da harshenmu minti shida ba ta numfasa ba, har da labarin kwalekwale.

Gidan su Jolame ya cika, don labari ya riga mu isa. Muka zauna ta wajen ƙofa, har da Bubu da Nana. Tata Levu ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ɗaga tabuan Bubu. Ya yi jawabi, kuma in faɗi gaskiya ya yi shi da kyau. Ya ce hannunsa ya riga kunnensa, ya ce 'yarsu tana da alkawari da 'ya'yan mutane tun kafin wannan, ya roƙi a warware ranar da maganar duka.

Momo Peniasi bai miƙa hannu ba. Ya zauna yana kallon tabuan. In ya ƙi karɓa, maganar tana nan daram, gobe kuma Juma'a.

Ya ce, "An sanar a coci. 'Ya'yana sun sayi tikiti. Mutane za su ce an ƙi ɗana."

Mace ba ta magana a irin wannan zama. Na sani, ni nake koyar da shi. Na yi tafi a hankali na neman izini, na ce, "Momo, ban ƙi ɗanka ba. Ranar na ƙi, da yadda aka yi. Ni na ce a kawo gida, laifin farko nawa ne. Amma yara shida suna jirana."

Wata tsohuwa ta ce, "Oho, 'yan boko." Nana ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari.

Sai Jolame ya ɗago kai, ya dubi mahaifinsa. "Tata, ka karɓa. Aro ta nema. Na sani, kai ma ka sani. Na yi shiru ne don ina so, kuma ban kyauta ba." Ya juyo ya dube ni a gaban kowa. "Zan dawo da gangan."

Momo Peniasi ya ja dogon numfashi. Ya dubi Bubu, wadda ta kafe shi da idonta ɗaya. Ya matso, ya karɓa, ya sumbata. Tafi uku.

Ban tsaya shan shayi ba. Shida saura kwata na isa makaranta da gudu, fure ya faɗi a hanya. Muka nuna wa ajin Ornella hoton Bubu, su kuma suka ɗaga zoben ƙarfensu, wani ɗan siriri kamar wanda ya faɗo daga injin Jolame. Ornella ta ce, "Vase, kin sha wahalar samo shi?" Na ce, "Kaɗan."

Juma'a da safe ina tsaye a kan shugaban makaranta ya buga sunana a saman jerin, ya aika. Malam Setareki ya fi kowa murna, ashe tsoron jirgin sama yake.

Da yamma na kai wa Bubu makullinta. Akwatin yana buɗe, farar rigar coci a ninke, ƙarƙashinta babu komai. Ita kuwa ta koma kan tabarmar nan mai jan baki, tana saƙa kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Bubu, ai an warware."

"An warware rana. Tabarma ba ta san rana ba." Ta mayar da makullin wuyanta. "Ki dubi akwatin nan da kyau, Vasemaca. In na mutu yau, hannu sake za a raka ni. Hanya ɗaya ce tabua zai sake shigowa gidan nan, kuma wannan karon a hannuna za a sa shi, ba a na ɓarawon kifi ba. Ki je ki ga duwatsunki. Amma shekarata tamanin da huɗu, ki riƙa lissafi."

Ta yi tari, ya ɗan daɗe fiye da na ranar Laraba. Ina shafa mata baya wayata ta yi ƙara a aljihu. Jolame ne.

"Wace rana jirginku zai dawo? Mahaifina yana tambaya. Ya ce har da awa."

Bubu ba ta ɗago ba. "Shi ne?"

"Shi ne."

"To riƙe mini nan da hannu ɗaya, ki ba shi amsa da ɗayan."